Yadda Ake Ƙera Ɗakin Kwana Marar Nauyi Mai Rufin Ɗagawa a Bayan A-kori-kura

Ɗakin kwanan da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, wanda rufinsa ke kwanciya lokacin tafiya ya kuma ɗaga idan an yada zango, a Amurka ya fi yin ƙarfi. Tun a shekarun 1950 kamfanin Alaskan ya fito da nasa mai bangon da ke shigewa cikin juna, sannan a 1972 aka kafa Four Wheel Campers a jihar Kolorado, wanda ya shahara da ƙashin alminiyam da bangon yadi. Abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne yana bai wa mutum wurin tsayuwa da wurin barci ba tare da motar ta yi tsayin da zai sa iska ta riƙa tunkuɗarta ko ta riƙa layi a kwana ba. Na kamfani yana da tsada ƙwarai, shi ya sa mutane da dama suke ƙera nasu a gida, kuma duk wanda yake da mota irin Toyota Hilux, yana kuma da mai walda da kafinta da mai ɗinkin tamfol da ya yarda da aikinsu, zai iya yin hakan. Sharaɗi guda ne ke riƙe da aikin daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne nauyi, domin kowane katako da kowane ƙarfe da aka ƙara, sifirin da birki da tayoyin motar ne za su biya kuɗinsa a kan hanya.

Saboda haka kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, sai a fara da lissafi. A jikin ƙofar direba, ko a littafin motar, akwai adadin nauyin da masu ƙera ta suka ce kada ta wuce shi idan an haɗa ita kanta da duk abin da ke cikinta. A kai motar sikelin manyan motoci da tanki cike da mai, a auna ta, a cire abin da aka samu daga wancan adadi, abin da ya rage shi ne kayan da za ta iya ɗauka. Yawancin Hilux suna ɗaukar abin da ya kusa tan ɗaya, amma adadin yana bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma ƙarafunan kariya da maɗorin kaya da aka ƙara wa motar sun riga sun ci wani kaso. Mu ɗauka an samu kilo 900. Mutum biyu za su ci kilo 150, ruwa lita 40 kilo 40 ne daidai, jarkar man gas mai lita 20 ta kai kilo 17 ban da nauyin jarkar, ga safayar taya ta biyu, ga jak da kayan gyara, ga abinci da tufafi da tukunyar gas. Kafin a ankara kilo 350 sun tafi, ɗakin bai ma hau ba. Shawarata ita ce a sa wa ɗakin iyakar kilo 150 zuwa 180 ba tare da kayan ciki ba, a kuma bar rarar da ba ta gaza kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin motar ba, domin motar da ke cike maƙil tana iya jure kwalta mai kyau, amma hanyar burji mai gargada ita ke karya sifirin. A buɗe littafi a rubuta nauyin kowane sashe da ake sa rai, a ajiye sikelin rataye a wurin aiki, duk abin da za a ɗaura sai an auna shi an rubuta.

Siffar ɗakin ita ce shawara ta biyu. Akwai wanda yake da daɓensa da bangonsa cikakke, ana zura shi cikin bodi a cire shi idan an ga dama, akwai kuma wanda ba shi da daɓe, yana zaune ne a kan gefunan bodi, ƙasan bodin ya zama daɓensa. Na biyun ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma shi nake bayani a kai. Haka rufin ma iri biyu ne, ko dai ya ɗaga gaba ɗaya ta kusurwoyi huɗu, ko kuwa a kafa masa hinji a gaba ya buɗe ta baya kaɗai, irin buɗewar da ake gani a ɗakunan kamfanin Go Fast Campers na jihar Montana. Mai ɗagawa gaba ɗaya ya fi fili, sai dai yana buƙatar na'urar ɗagawa gaba da baya da dole su yi tafiya tare, kuma a nan ne masu aikin gida suka fi shan wahala. Mai hinji ya fi ƙarancin sassa masu motsi, yana tsayawa daram a cikin iska, ruwan sama yana gangarewa daga kansa, kuma da yake hinjin yana gaba, iskar gudu danne rufin take yi maimakon ta ɓalle shi.

Awo ya kamata a yi shi a jikin motar da za a yi wa aikin, ba a dogara da na wata ba. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi ne, wanda bai isa babban mutum ya miƙe ba, don haka gadon yana hawa sama ya zarce ta kan gidan direba da kamar santimita 90. Jimillar tsawon rufin ta zama kimanin mita 2.4, wanda ya yi daidai da tsawon faifan filawud, mai santimita 244 da faɗin 122. Idan aka ɗaga rufi mai wannan tsawo zuwa digiri 25, bayansa zai tashi da kimanin mita ɗaya, idan kuma aka haɗa da tsayin bango daga ƙasan bodi zuwa saman gidan direba, wanda shi ma ya kusa mita ɗaya, mutum zai tsaya cak a bayan ɗakin. Wajibi ne a bar tazarar santimita 5 zuwa 8 tsakanin saman gidan direba da ƙasan sashen da ya zarce, kuma kada a haɗa su da komai, domin bodi da gidan direba kowanne zamansa daban a kan shasi, idan motar ta shiga rami suna murɗawa ta fuskoki daban-daban, ƙaramar tazara kuwa tana ƙarewa da lotsattsen rufin mota. Yana da kyau a fara haɗa siffar da kwali da siraran katako a kan motar, a shiga a zauna, a kwanta, a gwada tsayuwa, domin gyaran kwali ba ya cin kuɗi.

Ƙashin ɗakin ana yin sa da bututu mai kusurwa huɗu, na alminiyam ko na baƙin ƙarfe. Bututun alminiyam mai milimita 25 a kowane gefe da kaurin milimita 2 nauyinsa rabin kilo ne a kowace mita, na baƙin ƙarfe mai wannan faɗi da kaurin milimita 1.5 kuwa ya ɗan haura kilo ɗaya. Idan ƙashin ya ci mita 40, na farko zai yi kilo 20, na biyu kilo 44. Bambancin yana da yawa, amma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Alminiyam yana lanƙwasa ninki uku na baƙin ƙarfe idan girmansu ɗaya, waldarsa tana buƙatar iskar argon da gwanin da ya saba da ita, kuma zafin walda yana raunana alminiyam irin mai lamba 6061 a daidai bakin haɗin, inda tsagewa ke farawa bayan doguwar girgiza. Shi ya sa masu yin aikin da alminiyam da yawa suke haɗa shi da ƙananan faranti a kusurwa, da ribit, da gam mai ƙarfi irin Sikaflex 252, su rage walda iyakar iyawa. Baƙin ƙarfe kuwa duk garin da aka shiga akwai mai waldarsa, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda tafiyarsa ke kai shi nesa da manyan birane. Wanda bai samu gwanin alminiyam ba, gara ya yi ƙashin ƙasa da siririn baƙin ƙarfe, ya shafe shi da fentin hana tsatsa ciki da waje, ya nemi ragin nauyin a rufi da bango. Ko da wanne aka yi, sashen da ya zarce kan gidan direba shi ne mafi shan wuya, tun da babu abin da ya tallafe shi daga ƙasa kuma a kansa mutane za su kwanta. A yi gefunansa biyu da bututu mai zurfi, kamar milimita 25 da 75 a tsaye, wanda ya taso daga ƙarshen baya har gaba ba tare da yanka ba, a kuma saka ƙarfen dogari a karkace a cikin kowane bangon gefe. Duk inda alminiyam zai taɓa baƙin ƙarfe a raba su da roba ko fenti mai kauri, domin idan danshi ya shiga tsakaninsu alminiyam ɗin ne ke cinyewa.

A rufi ne aikin ya fi buƙatar natsuwa, domin nauyinsa sau biyu yake cutarwa, yana can ƙololuwar mota inda yake ƙara mata layi, sannan shi ne za a riƙa ɗagawa da hannu kullum. Faifan filawud mai kaurin milimita 18 ya haura kilo 30, kuma duk da haka yana lotsawa a tsakiya idan aka shimfiɗa shi a kan faɗi. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki faifan kumfa mai tauri da ake kira XPS, mai kaurin milimita 25, wanda nauyinsa bai wuce kilo biyu da rabi ba, a manna masa siririn filawud mai milimita 3 sama da ƙasa. Kowanne daga cikin ukun shi kaɗai ba shi da wani ƙarfi, amma idan suka manne sosai, kumfar tana riƙe fatun biyu nesa da juna, idan nauyi ya hau sai ta sama ta matse ta ƙasa ta miƙe, faifan ya yi tauri ƙwarai alhali duka-duka bai kai kilo 20 ba. Ƙarin amfaninsa shi ne kumfar tana tare zafin rana, abin da duk wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu zai san darajarsa.

Dukkan ƙarfin wannan faifai yana cikin mannewar, don haka a nan ba a gaggawa. Fuskar kumfar tana da santsi, sai an goge ta da samfefa mai kaushi har ƙyallin ya tafi, an kuma share garin tas. Gam ɗin da za a yi amfani da shi ifoksi ne ko na foliyuretan, kuma kowane iri aka sayo a fara ɗiga shi a kan guntun kumfa a jira. Gam ɗin da masu takalma da masu kushin ke amfani da shi, da ruwan foliyesta da ake gyaran faiba da shi, suna narkar da wannan kumfa nan take, za a ga wurin da ɗigon ya sauka yana nutsewa yana zama rami mai danƙo. Kafin a rufe fata ta biyu, a yanke kumfar a kewayen baki a saka siririn katako, a kuma binne guntayen katako masu ƙarfi a duk inda hinji da sandunan ɗagawa da sakata da fanka da faifan sola za su zauna, domin sukuru ba ya kama kumfa, kuma bayan an rufe babu hanyar komawa ciki. A zana wuraren a takarda da awonsu, a ɗauki hoto. Sannan a shimfiɗa aikin a daɓe mai daidaito, a ɗora masa buhunan yashi ko bulo a ko'ina daidai wa daida, a bar shi kwana guda cur. Idan faɗin rufin ya wuce santimita 122 dole a yi haɗi, sai a tabbata haɗin fatar sama da na fatar ƙasa ba su faɗo a layi ɗaya ba. Daga waje a lulluɓe shi da yadin faiba mai kimanin giram 200 a kowace murabba'in mita, a jiƙa shi da ifoksi, a naɗo shi har kan bakuna. Hasken rana yana lalata ifoksin da ba a rufe ba, don haka a yi masa fenti, farin fenti kuwa, domin duhun launi yana tara zafin da zai iya sassauta gam ya kuma lalata kumfar. A yi wa rufin leɓe mai santimita 4 zuwa 5 da zai sauko ya rufe bakin bangon kamar yadda murfin langa ke rufe langa, a manna robar ƙofar mota a inda za su haɗu. Bangon gefe da ƙofar baya za a iya yin su da irin wannan faifai, ko da siririn farantin alminiyam da aka manna a ƙashi aka cusa kumfa a bayansa.

Hinjin gaba ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko dogo guda ɗaya ko manya uku zuwa huɗu, a ɗaure su da noti mai ratsawa da faranti a baya. Abin da ke ɗaga rufin sandunan gas ne guda biyu, irin waɗanda ke riƙe murfin but ɗin mota, kuma ƙarfinsu a rubuce yake a jikinsu da ma'aunin niwton, inda niwton 10 ya yi kusan kilo ɗaya. Kada a saye su sai an gama rufin an auna shi tare da fanka da faifan sola da duk abin da zai hau kansa. Misali, rufi mai kilo 35 da tsakiyar nauyinsa ke mita 1.2 daga hinji, sai a ninka 35 da 1.2 a samu 42. Idan layin sandar a buɗe yana nesa da hinji da mita 0.6, sanduna kuma biyu ne, a ninka 0.6 da 2 a samu 1.2, a raba 42 da wannan 1.2 a samu kilo 35, wato kowace sanda tana buƙatar kimanin niwton 350, a ɗan ƙara kaɗan saboda jan yadi da iska. Sandar da ta yi ƙarfi fiye da kima tana wahalar da hinji kullum tana kuma hana rufin rufuwa, wadda ta gaza kuwa tana iya sakin rufin a kan mai barci, shi ya sa nake ganin wajibi ne a ƙara sandar dogari ta ƙarfe da ake kafawa da hannu bayan an buɗe. A ɗaura sandunan ta yadda siririn ƙarfen zai kasance a ƙasa, domin man da ke ciki ya riƙa jiƙa robar bakin. Idan rufin yana kwance sandunan ma kusan a kwance suke, ba su da ƙarfin ɗagawa, don haka turin farko na hannu ne, wannan ba alamar matsala ba ce. A baya da gefe a saka sakata masu janyowa su matse, aƙalla huɗu.

Bangon yadi yanki uku ne, biyu masu kusurwa uku a gefe da ɗaya mai kusurwa huɗu a baya, kuma awonsu a kan ɗakin ake ɗauka bayan an buɗe rufin an kafa shi, a yanka samfuri da takarda mai kauri a kai wa mai ɗinki. Tamfol mai rufin roba ba ya shan ruwa ko kaɗan, amma yana riƙe zafi, tururin numfashi kuma yana taruwa a jikinsa da asuba. Zanen kanbas yana numfashi ya fi sanyi, sai dai yana yin fumfuna idan aka naɗe shi a jiƙe. Ga ƙasa mai zafi kanbas mai gaurayen foliyesta ya fi dacewa, tare da manyan tagogi a dukkan fuskoki uku, kowace da ragar sauro a ciki da marufi mai zif a waje, da ɗan leɓen yadi da ke sauka a kan zif ɗin. A yi ɗinkin da zaren foliyesta, domin na auduga yana ruɓewa. Saman yadin a kafa shi ta cikin leɓen rufi, ƙasansa kuma ya sauko ta wajen ɗan tudun da aka yi a bakin bango, yadda duk ruwan da ya gangaro zai zuba waje, a danne shi da siririn alminiyam da sukurori a kowane santimita 10 zuwa 15. A tsakiyar tsayin yadin a ɗinka ƙananan madaukai a zura igiyar roba ta kewaye shi, ita ce za ta riƙa janyo yadin ciki yayin da rufin ke sauka, in ba haka ba sai leɓen rufi ya datse shi ya huda.

Kayan ciki a taƙaita su. Gadon faifai biyu ko uku ne da ake ɗagewa, na baya a ture shi gaba da rana don a samu wurin tsayuwa, da katifar soso mai santimita 5 zuwa 7 da za ta iya zama a ciki rufin yana rufe. Duk abu mai nauyi, ruwa da batir da kayan gyara, a ajiye shi a ƙasan bodi can gaba kusa da gidan direba, gaban layin tayoyin baya, domin nauyin da ya koma bayan wannan layi yana ɗage gaban mota ya rage wa sitiyari kamu. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai amfiya-awa 100 (100Ah) nauyinsa kilo 12 ne ko kusa da haka, na dalma mai wannan girma ya kusa kilo 30 kuma rabin cajinsa kawai ake iya sha ba tare da an lalata shi ba. A saka fis dab da kan batir mai alamar tarawa, a bi da wayoyi ta cikin bututun roba duk inda za su ratsa ƙarfe. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zurara ƙasa yake kwanciya, don haka tukunyarsa tana buƙatar akwati na daban mai huda a ƙasa da ke fita waje. Girki a waje ya fi aminci, gawayi kuwa kada a taɓa shigar da shi ciki ko da sanyin hunturu ya yi tsanani, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari ko launi kuma tana kashe mai barci. Na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska ba ta da nauyi, a saka ta kusa da gado.

Wajen ɗora ɗakin, a shimfiɗa roba a kan gefunan bodi, a ɗaure da noti mai ratsawa aƙalla uku a kowane gefe, da faranti mai faɗi a ƙasa don kada notin ya yage siririn ƙarfen bodin. Ƙofar bayan a-kori-kura tana da giɓi a gefe da ƙasa, kuma iskar da ke juyawa a bayan mota mai gudu tana tsotso ƙura ta nan, don haka a toshe su da roba tun kafin tafiyar farko. Daga nan a rufe komai, mutum ɗaya ya zauna a ciki da tocila, wani ya riƙa feshin ruwa da tiyo daga kowace fuska, musamman layin hinji da kewayen fanka, a yi wa duk inda ya ɗiga alama a gyara. A ɗora dukkan kayan tafiya da mutane a koma sikeli, a auna tayoyin gaba daban na baya daban, a gwada da iyakar da aka rubuta wa kowane aksil, domin jimilla tana iya yin daidai alhali baya ya wuce kima. A ƙara iskar tayoyin baya zuwa adadin da aka rubuta don cikakken lodi, a auna sabon tsayin motar a manna shi a gaban direba saboda ƙofofin gareji da rassan itatuwa. Tafiyar farko ta zama gajeriya, a tsaya bayan kilomita 50 a sake matse kowane noti da sakata, a duba bakin kowace walda da kusurwoyin sashen da ya zarce ko akwai alamar tsagewa, a kuma maimaita wannan dubawa duk lokacin da aka fito daga hanya mai gargada.